Ƙaura da bayanan fotal daga MySQL zuwa PostgreSQL: tambayoyi da amsoshi

Wannan bayani na masu kula da fotal ne wanda aka gina da PHP a kan MySQL ko MariaDB, ana kuma son mayar da bayanansa kan PostgreSQL. Duka ukun manhajojin rumbun bayanai ne. Misalan na fotal ɗin makarantar gaba da sakandare ne, mai rajistar ɗalibai da biyan kuɗi da sakamakon jarrabawa. Kwashe bayanan shi ne ɓangare mafi sauƙi. Wahalar tana cikin abubuwan da MySQL ya daɗe yana karɓa shiru alhali PostgreSQL ba ya karɓarsu, da kuma waɗanda dukansu ke karɓa amma kowa ya ba da tasa amsar.

Dole ne mu ƙaura tunda an daina kula da MySQL 5.7?

A'a. Oracle ta daina fitar da gyare-gyaren 5.7 a watan Oktoban 2023, amma maganin wannan shi ne ɗagawa zuwa 8.4 ko komawa MariaDB, kuma ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. A ƙaura zuwa PostgreSQL idan akwai abin da ake buƙata a can: tsananin tantance abin da ke shiga tebur, iya sauya fasalin tebur a cikin dunƙulen aiki guda a kuma janye shi idan ya ɓaci, PostGIS don taswira, ko kuma sauran manhajojin ma'aikatar duk a kansa suke. Idan dalilin kawai fotal na nauyi ne lokacin rajista, ku fara duba fihirisa da umarnan SQL masu jan ƙafa. Umarnin da aka rubuta ba daidai ba a MySQL, haka zai ja ƙafa a PostgreSQL.

Manhajar fotal ɗinmu za ta yarda da PostgreSQL kuwa?

Wannan ce tambayar da za a fara amsawa. WordPress a hukumance MySQL da MariaDB kaɗai ya sani, kada ku wahalar da kanku. Moodle da Drupal suna aiki a kan PostgreSQL. Moodle ma yana da nasa kayan kwashe bayanai a `admin/tool/dbtransfer`, kuma shi ya kamata a yi amfani da shi, domin shi ya san fasalin teburansa. Fotal da aka gina da Laravel ko Django ba ya yawan ba da wahala, sai wuraren da aka rubuta SQL da hannu.

Wanda aka rubuta da `mysqli` kuwa, kowane layin da ke magana da rumbun bayanai sai an sauya shi, don `mysqli` ba ya jin yaren kowa sai na MySQL. A fara mayar da shi PDO, hanyar PHP ta magana da rumbunan bayanai iri-iri, tun yana kan MySQL, a bar shi ya yi aiki na makonni, sannan a taɓa rumbun. Haɗa sauyin nan biyu a dare ɗaya shi ke sa a rasa gane inda matsala ta fito.

Me za mu yi kafin mu taɓa komai?

Ku ɗauki kwafin ajiya, ku kuma dawo da shi a wata kwamfuta ku ga ya tashi:

```
mysqldump --single-transaction --routines --triggers --events \
  --hex-blob --default-character-set=utf8mb4 fotal > fotal.sql
```

`--single-transaction` teburan da ke kan injin ajiya na InnoDB kaɗai yake ba wa kwafi daidaitacce. Idan akwai na tsohon injin MyISAM, sai an tsayar da rubutu kafin a ɗauka.

Daga nan ku yi ƙidaya: teburi nawa ne, wanne ya fi girma, wane inji kowanne ke amfani da shi, wane tsarin haruffa ke kan kowane gurbi, akwai VIEW da TRIGGER da PROCEDURE da EVENT nawa. Duk suna cikin `information_schema`. Sai ku rubuta duk abin da ke haɗuwa da rumbun ban da fotal ɗin kansa: ayyukan `cron` na dare, manhajar tura saƙon waya, na'urar buga katin shaida, da kwamfutar ofishin kuɗi da ke jawo rahoto kai tsaye zuwa Excel. Waɗannan ake mantawa, ba a tunawa da su sai ƙarshen wata.

Ba za mu iya zuba fayil ɗin mysqldump a PostgreSQL kai tsaye ba?

Ba zai shiga ba. Yana cike da `ENGINE=InnoDB`, `AUTO_INCREMENT`, `UNSIGNED`, `LOCK TABLES` da alamar da MySQL ke kewaye sunaye da ita, kuma yadda yake kuɓutar da alamar zance a cikin rubutu daban yake. Gyara shi da `sed` yana lalata ainihin bayanan da ke ciki ba tare da kun lura ba.

To da me ake kwashewa?

Mafi yawan aiki irin wannan pgloader ke yi, wanda Dimitri Fontaine ya rubuta. Yana karanta fasalin teburan MySQL, ya gina makamantansu, ya zuba bayanai da COPY, sannan ya gina fihirisa da mabuɗan alaƙa. Ku rubuta umarninsa a fayil don ku iya maimaitawa:

```
LOAD DATABASE
  FROM mysql://kwafi:SIRRI@10.0.0.5/fotal
  INTO postgresql://fotal:SIRRI@localhost/fotal
WITH on error stop, create tables, create indexes,
     reset sequences, foreign keys, downcase identifiers,
     workers = 4, prefetch rows = 10000
SET PostgreSQL PARAMETERS
     maintenance_work_mem to '512MB',
     timezone to 'Africa/Lagos'
CAST column dalibai.mataki to smallint drop typemod
ALTER SCHEMA 'fotal' RENAME TO 'public';
```

Abu uku a kiyaye. Na farko, zaɓin `include drop` yana cikin waɗanda pgloader ke ɗauka da kansa idan ba a gaya masa komai ba, kuma yana goge duk teburin da ya tarar a PostgreSQL mai suna iri ɗaya. Kada a taɓa nuna masa rumbun da ke da bayanai masu amfani. Na biyu, idan babu layin ƙarshen nan, zai ajiye teburan a ɓangare mai sunan rumbun MySQL, fotal ya duba `public` ya ce babu komai. Na uku, ba ya kwashe VIEW, TRIGGER ko PROCEDURE. Waɗannan da hannu ake sake rubuta su da SQL da PL/pgSQL, yaren shirye-shirye na PostgreSQL, kuma idan lissafin sakamako yana cikinsu, nan ne mafi yawan kwanakin aikin za su tafi.

pgloader ya ƙi shiga MySQL 8, ko kuma ya mutu a tsakiyar aiki.

Ƙin shiga yawanci daga `caching_sha2_password` ne, hanyar tantancewa da MySQL 8.0 ya ɗauka, wadda tsofaffin pgloader ba su gane ba. Ku buɗe asusu na musamman mai izinin karatu kaɗai da `mysql_native_password`. A 8.4 wannan hanya a kashe take zuwa, sai an kunna ta a saitin uwar garke, a 9.0 kuma an cire ta gaba ɗaya.

Mutuwa a tsakiya da saƙon `Heap exhausted` na nufin ya kinkimi layuka fiye da ƙarfinsa, galibi a tebur mai manyan BLOB, wato gurbin da ke riƙe fayil kamar hoto. Ku rage `prefetch rows` zuwa 1000, ku rage `workers`, ko ku kwashe wannan teburin shi kaɗai. Kuma ku gudanar da aikin a cikin `tmux` a kan uwar garken kanta. Idan daga kwamfutarku kuka tayar da shi ta SSH, aka ɗauke wuta ko netwok ya yanke, aikin ya mutu tare da haɗin.

Sunayen ɗalibai sun koma `Æ™` da `É—`. Ina ƙ da ɗ suka tafi?

Wannan matsalar tamu ce kai tsaye, kuma yawanci ta girmi ƙaurar da shekaru. Har zuwa 5.7, tsarin haruffan da MySQL ke zuwa da shi `latin1` ne, wanda babu ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ a cikinsa. Fotal ya riƙa tura rubutun UTF-8 ta haɗin `latin1`, ya kuma karɓo shi ta hanya ɗaya, sai kuskuren shiga da na fita suka rufa wa juna asiri. Ƙaura ce ke tona shi. Harafin ƙ a UTF-8 bayit biyu ne, C6 99. Idan aka karanta su a matsayin `latin1` sai su zama Æ da ™. Haka ɗ ke zama `É—`, alamar naira ta zama `â‚¦`.

Kada ku yarda da abin da allo ya nuna, ku duba ainihin bayit ɗin da `SELECT HEX(suna)` a kan sunan da kuka san yana da ƙ. Abu uku za ku iya gani.

Idan kun ga `C699` kuma gurbin `latin1` ne, bayanan lafiya suke, laƙabin gurbin ne ƙarya. Ku mayar da gurbin `VARBINARY`, sannan ku mayar da shi `VARCHAR` mai `CHARACTER SET utf8mb4`. Matakin tsakiyar nan shi ke hana MySQL juya bayit ɗin. Wanda ya yi `CONVERT TO CHARACTER SET` kai tsaye ya ƙara dagula lamarin.

Idan kun ga `C386E284A2`, an riga an juya shi sau biyu. Gyaransa:

```
UPDATE dalibai
SET suna = CONVERT(CAST(CONVERT(suna USING latin1) AS BINARY) USING utf8mb4)
WHERE HEX(suna) LIKE '%C386E284A2%';
```

Sharaɗin `WHERE` wajibi ne, kuma a faɗaɗa shi ga sauran haruffan. Tebur ɗaya kan ƙunshi layukan da suka lalace da lafiyayyu, musamman idan an taɓa gyara saitin fotal a tsakiyar tafiya, kuma wannan umarni yana ɓata lafiyayyun.

Idan kuwa `3F` kuka gani, wato alamar tambaya, harafin ya tafi tun ranar da aka shigar da shi. Babu umarnin da zai dawo da shi, sai a koma takardun rajista.

Duk wannan a kwafi ake yi, ba a rumbun da ke aiki ba. A gefen PostgreSQL kuma a ƙirƙiri rumbun da `ENCODING 'UTF8'`. Wannan ya ɗauki boko da ajami da emoji. Tsohon `utf8` na MySQL bayit uku ne iyakarsa, shi ya sa aka kawo `utf8mb4`.

Waɗanne irin bayanai ne PostgreSQL ke ƙin karɓa?

Kwanan wata `0000-00-00` shi ne kan gaba. pgloader yana mayar da shi NULL, wato babu komai, to amma idan gurbin `NOT NULL` ne sai ku yanke shawara: ko a sassauta gurbin, ko a nemo ranar gaskiya. Kada a cusa 1970-01-01 don a wuce wurin, gobe za a buga shi a takardar ɗalibi a matsayin ranar haihuwa. Akwai kuma rabin-rabi irin `2019-00-00`, ku nemo su daban.

Sai bayit 0x00 a cikin rubutu, wanda kan shigo ta kwafe-kwafe daga wasu fayiloli. PostgreSQL ba ya ajiye shi a gurbin rubutu ko kaɗan, zai ce `invalid byte sequence for encoding "UTF8": 0x00`. A share shi da `REPLACE` tun a MySQL.

Sai layukan da suka rasa iyaye: sakamakon ɗalibin da aka goge, ko biyan kuɗin da ke nuni ga zangon da babu shi. MyISAM ba ya tilasta mabuɗan alaƙa, a InnoDB ma ana tara irinsu idan an taɓa kashe `FOREIGN_KEY_CHECKS`. Bayanan za su shiga, gina mabuɗin ne zai faɗi a ƙarshe. Ku nemo su da `LEFT JOIN ... WHERE dalibai.id IS NULL`. Goge su ba hurumin mai kula da rumbu ba ne. A kwashe su zuwa wani tebur, a kai wa magatakarda ko ofishin kuɗi su duba.

Na ƙarshe, gurbin ENUM mai ɗauke da rubutu fanko, abin da MySQL ke sakawa idan aka ba shi abin da ba ya cikin jerin kuma ba a kunna tsauraran dokoki ba.

Yaya za mu yi da gurabun lambobi?

PostgreSQL ba shi da `UNSIGNED`. `integer` nasa yana tsayawa a 2,147,483,647, shi kuwa `INT UNSIGNED` yana kaiwa 4,294,967,295, don haka `bigint` ne madadinsa.

`TINYINT(1)` shi ne tarkon. pgloader yana ɗaukarsa a matsayin eh ko a'a: sifiri ya zama `false`, duk wani abu ya zama `true`. Idan gurbin yana riƙe matsayin biyan kuɗi ne, 0 bai biya ba, 1 ya biya, 2 an mayar masa, to 1 da 2 sun haɗe, ba kuwa saƙon kuskure ko ɗaya. Ku yi `SELECT DISTINCT` a kan kowane gurbi irin wannan, wanda ya wuce 0 da 1 ku ba shi dokarsa ta CAST kamar misalin sama. Ko na eh da a'a ɗin ma, `WHERE aktif = 1` ba zai yi aiki a kan `boolean` ba. Idan ba ku shirya bin duk umarnan ba, ku bar su `smallint` a yanzu.

Kuɗi `numeric(12,2)` ne. Idan tsohon gurbin FLOAT ne, ku zagaye zuwa kwabo kafin kwashewa ku kwatanta jimla. Lambar waya, NIN, lambar rajistar JAMB da lambar RRR ta Remita duk rubutu ne, ko da alƙaluma zalla ne a ciki. NIN mai alƙaluma 11 ta fi ƙarfin `integer`, lambar waya kuma sifirin farkonta zai ɓace.

Lokutan biyan kuɗi sun matsa da awa ɗaya. Daga ina?

`DATETIME` na MySQL ba ya ajiye yankin lokaci, abin da aka ba shi yake riƙewa. pgloader yana mayar da shi `timestamptz`, wanda dole ya fassara shi da wani yanki. Idan fotal yana rubuta agogon Najeriya ko Nijar ne aka fassara shi a matsayin UTC, komai ya matsa da awa ɗaya, kuma biyan da aka yi 11:30 na daren rufe rajista ya tsallaka washegari. Ku tantance agogon da PHP ke rubutawa da shi, ku sa wannan yankin a umarnin pgloader, `Africa/Lagos` ko `Africa/Niamey`. Ku ɗauki rasit guda mai lokaci a jiki ku gwada da shi. A Ghana ba a ganin wannan bambanci, don agogonsu daidai yake da UTC.

Wasu sun kasa shiga fotal bayan ƙaura, alhali kalmar sirrinsu daidai ce.

Kusan kullum babban baƙi da ƙarami ne. Tsarin kwatancen MySQL mai ƙarewa da `_ci` yana ɗaukar `UG19/CSC/001` da `ug19/csc/001` abu ɗaya, PostgreSQL kuwa yana bambanta su. Tsofaffin tsare-tsare irin `utf8_general_ci` ma ba sa lura da sararin da ke ƙarshen rubutu.

Ku tsabtace gurbin da `trim`, sannan ko dai ku mayar da shi `citext`, nau'in rubutun da ba ya bambanta babban baƙi da ƙarami, ko ku gina `CREATE UNIQUE INDEX ON masu_shiga (lower(imel))` ku riƙa nema da `lower()` a ɓangarorin biyu. Fihirisar nan tana da muhimmanci ta wata fuskar. Idan babu ita, mutum ɗaya zai iya buɗe asusu biyu da imel guda ta hanyar sauya harafi ɗaya zuwa babba. `LIKE` ma haka yake, madadinsa `ILIKE`.

Kalmomin sirri za su tsira?

Idan da `password_hash` na PHP aka yi su, rubutu ne mai haruffa 60 da ke farawa da `$2y$`, zai wuce yadda yake. Ku dai tabbatar gurbin `varchar(255)` ko `text` ne. Idan fotal yana kiran `PASSWORD()` na MySQL ne, babu shi a PostgreSQL, an ma cire shi a MySQL 8.0. Lissafinsa SHA1 ne sau biyu da alamar tauraro a gaba, ana iya yin sa a PHP. A tantance mai shiga da tsohon lissafin sau ɗaya, a sake ajiye kalmar da `password_hash` nan take. Haka za a yi wa na MD5.

Waɗanne umarnan SQL ne za su sauya?

Masu faɗuwa da ƙara ba su ne abin tsoro ba, gwaji zai kama su. `IFNULL` ya koma `COALESCE`, `GROUP_CONCAT` ya koma `string_agg`, `LIMIT 20,10` ya koma `LIMIT 10 OFFSET 20`, `DATE_FORMAT` ya koma `to_char`, `ON DUPLICATE KEY UPDATE` ya koma `ON CONFLICT ... DO UPDATE`. Rubutu a cikin tagwayen alamar zance (`"..."`) sunan gurbi ne a PostgreSQL. Tebur mai suna `user` ko `order` sai an kewaye sunan. Kwatanta gurbin rubutu da lamba zai ba da `operator does not exist`.

Abin tsoron su ne waɗanda ke gudana lafiya su ba da amsa daban.

Rabawa ita ce babba. A MySQL `67/18` yana ba da 3.7222. A PostgreSQL, idan duka biyun cikakkun lambobi ne, amsar 3 ce. Umarnin da ke raba jimlar maki da jimlar nauyin kwasa-kwasai zai mayar da ɗalibi mai 3.72 zuwa 3.00, a ma'aunin maki biyar kuwa wannan ya sauke shi daga rukunin da ke farawa a 3.50. Ku bi duk inda akwai alamar rabawa ku sa `::numeric` a ɗaya ɓangaren. Rabawa da sifiri kuma NULL take bayarwa a SELECT na MySQL, a PostgreSQL kuskure ce da za ta tsayar da rahoton aji guda saboda ɗalibi ɗaya da bai yi rajistar kwas ba. `NULLIF` ke maganinta.

`CONCAT` a MySQL yana ba da NULL idan ɗaya daga cikin abubuwan NULL ne, na PostgreSQL yana tsallake shi. A jeri daga ƙasa zuwa sama MySQL yana sa NULL a farko, PostgreSQL a ƙarshe. A jeri daga sama zuwa ƙasa abin ya juye, sai waɗanda ba su da maki su hau saman jerin zakaru idan ba a ƙara `NULLS LAST` ba. Umarnin da ba shi da `ORDER BY` kuma, wanda InnoDB ya saba kawowa bisa jerin `id`, zai fara zuwa a hargitse da zarar an gyara wasu layuka.

Wani bambancin: idan umarni ɗaya ya faɗi a cikin dunƙulen aiki, PostgreSQL ba zai saurari sauran ba sai an yi ROLLBACK, zai riƙa cewa `current transaction is aborted`. Manhajar da ta saba haɗiye kuskure ta ci gaba sai an gyara ta.

Sabuwar rajista tana faɗuwa da `duplicate key value`.

Maƙirgin `id` bai san inda aka tsaya ba. Yana faruwa idan an ƙara bayanai bayan pgloader ya gama, ko an zuba su ta wata hanya:

```
SELECT setval(pg_get_serial_sequence('dalibai','id'),
              (SELECT max(id) FROM dalibai));
```

A teburin da lambarsa ke fita waje, kamar lambar rasit, kada ku dogara da `max(id)`. Idan an goge layukan ƙarshe, za a sake ba wani lambar da ke hannun wani a takarda. Ku ɗauko ƙimar `AUTO_INCREMENT` daga `SHOW CREATE TABLE` ku ci gaba daga can.

Akwatin bincike fa?

`MATCH ... AGAINST` babu shi. Don neman suna, `pg_trgm` da fihirisar GIN sun fi dacewa, suna kama Muhammad da Muhammed. Don dogon rubutu a yi `tsvector` da saitin `simple`, tunda PostgreSQL ba ya zuwa da saitin Hausa, na Ingilishi kuma yana datse ƙarshen kalmomi yana zubar da irin su "a" da "an". Da yake yawancin mutane ba sa buga haruffa masu lanƙwasa a waya, ku gina fihirisar a kan `translate(lower(suna), 'ƙɗɓƴ', 'kdby')`, ku yi wa abin da aka buga haka, don mai neman Dankaka ya sami Ɗankaka.

Hotunan fasfo da takardun da aka ɗora suna cikin ƙaurar?

Idan a BLOB suke, za su koma `bytea`. Yawanci dai a faifai suke, rumbun hanyarsu kawai ya riƙe. Idan uwar garke ma za a sauya, a kwashe su da `rsync` kwanaki kafin ranar, a sake gudanar da shi a daren don ya ɗauki sababbi. Gigabayit 20 a kan layi mai megabit 10 ya haura awa huɗu.

Ta yaya za mu tabbatar babu abin da ya salwanta?

Da alƙaluma, ba da buɗe shafuka biyu-uku ba. `COUNT(*)` na kowane tebur a ɓangarorin biyu. Kada ku ɗauki `TABLE_ROWS` na `information_schema`, ƙiyasi ne kawai a InnoDB. Sai jimlar kuɗi ta kowane zango da kowane sashe, har kwabo. Sai adadin NULL a muhimman gurabu, don nan ne kwanakin da aka juya ke bayyana. Ga manyan tebura, ku fitar da `id` tare da `MD5(CONCAT_WS('|', ...))` na kowane layi, wanda ke aiki a duka biyun, ku kwatanta fayilolin da `diff`, bayan kun daidaita yadda ake rubuta kwanan wata da eh ko a'a.

Gwajin da ya fi kowanne kama kuskure shi ne fitar da rahoto ɗaya daga tsohon fotal da sabon: takardar sakamakon ajin da ya kammala, da rahoton kuɗin zangon da ya wuce. Jami'in jarrabawa da akanta su duba da idonsu su sa hannu. Ku kuma leƙa `/tmp/pgloader`, inda yake ajiye layukan da aka ƙi karɓa idan an bar shi ya ci gaba bayan kuskure.

Gwaji sau nawa, kuma fotal zai rufe na tsawon wane lokaci?

Ba a fafe gora ranar tafiya. A maimaita ƙaurar daga farko zuwa ƙarshe a kan sabon kwafi har sai ta wuce sau biyu a jere ba tare da an sa hannu an gyara komai ba. Duk gyaran da aka yi da hannu a mayar da shi cikin fayil ɗin umarni. Lokacin da gwajin ƙarshe ya ci, har da tantancewa, ku ninka shi biyu, shi za ku sanar.

Rumbu mai 'yan gigabayit yakan ƙare a dare ɗaya, kuma rufewar dare ɗaya ta fi aminci. Idan rufewar ba za ta yiwu ba, akwai masu bin `binlog`, kundin da MySQL ke rubuta duk sauyi a ciki, suna kwafe sauye-sauye, irin Debezium da pg_chameleon, da sharaɗin `binlog_format=ROW` da babban mabuɗi a kowane tebur. Aikinsu ya ninka na farko, kada a ɗauko su sai da dalili.

Kwafin gwaji yana ɗauke da NIN da lambobin waya da sakamakon mutane. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafe shi kamar yadda ta shafi na ainihi. Kada ya zauna a filashi ko kwamfutar gida, a kuma kashe tura imel da saƙon waya a fotal ɗin gwaji.

Yaya tsarin daren ƙaura yake?

A zaɓi lokacin da ba rajista, ba ɗora sakamako, ba tantance sababbin ɗalibai. Idan adireshin uwar garke zai sauya, a rage TTL na DNS, wato tsawon lokacin da ake riƙe tsohon adireshi, zuwa daƙiƙa 300 tun kwana biyu kafin nan.

1. A sa fotal a yanayin gyara, a tsayar da `cron` da masu aikin bayan fage.
2. A rufe rubutu da `SET GLOBAL super_read_only = ON`. `read_only` kaɗai ba ya hana asusu mai izinin SUPER, fotal da yawa kuwa da `root` suke haɗuwa. MariaDB ba ta da wannan saitin, a can sai a janye izinin rubutu.
3. A ɗauki kwafin ajiya na ƙarshe, a dawo da shi a rumbun wucin gadi, a gudanar da umarnan tsabtacewa a can.
4. A gudanar da pgloader daga wannan rumbun, sai fayil ɗin VIEW da TRIGGER da izini, sai `VACUUM ANALYZE`.
5. A tantance alƙaluma, a juya saitin fotal zuwa tashar 5432, ma'aikata su gwada shiga da rajista da biya kafin a buɗe wa jama'a.

Biyan kuɗi yana buƙatar kulawa ta daban. Wanda ya riga ya ciro lambar biya zai iya biya a banki ko a waya fotal yana rufe, sanarwar kamfanin biyan ta zo ta tarar ba mai karɓa. Bayan buɗewa a bi duk biyan da ke jiran tabbaci a sake tambayar matsayinsa.

Idan abu ya ɓaci za mu iya komawa?

Kafin a buɗe wa jama'a, komawa minti biyar ce: a mayar da saitin, a buɗe rubutu a MySQL. Da zarar ɗalibai sun fara rajista a PostgreSQL, komawa na nufin kwaso sababbin layuka da hannu. Saboda haka a rubuta tun da wuri wa ke da ikon cewa a koma, da ƙarfe nawa ne iyaka, da kuma irin matsalar da ta isa a koma dominta.

Mun ƙaura, amma fotal ya fi da nauyi.

Ku fara da `ANALYZE`. Idan ba a yi shi ba, PostgreSQL bai san girman teburan ba, yana zaɓen hanya a makance. Sai `shared_buffers`, wanda ke zuwa a 128MB. Kashi ɗaya cikin huɗu na RAM ne ake farawa da shi a uwar garken da rumbu kaɗai ke kai. Sai haɗi: PostgreSQL yana tayar da aiki guda ga kowane haɗi, iyakarsa ta asali 100 ce, PHP kuma yana buɗe sabo a kowace buƙata. Ranar rajista za ku ga `too many clients already`. Ɗaga iyakar zuwa dubu ba magani ba ne, a sa PgBouncer a tsakani, manhajar da ke raba haɗi kaɗan ga buƙatu masu yawa.

InnoDB yana gina fihirisa da kansa a gurbin mabuɗin alaƙa, PostgreSQL ba ya yi, don haka duk sabon teburin da aka ƙara bayan ƙaura sai an gina masa da hannu. Ku kunna `pg_stat_statements`, ku ɗauki umarnai goma mafi cin lokaci, ku bi su da `EXPLAIN ANALYZE`. Kada a kashe `autovacuum`.

Yaushe za mu kashe tsohon MySQL?

A bar shi a kulle, karatu kaɗai, har fotal ya zagaya manyan ayyukansa sau ɗaya a kan sabon rumbu: rajista, rufe lissafin wata, da fitar da sakamakon zango. Kafin a kashe shi a tabbatar ayyukan ajiya na dare sun koma `pg_dump` ko pgBackRest, an kuma gwada dawo da kwafi ɗaya, domin tsohon `cron` zai ci gaba da kwafe MySQL ɗin da ba ya sauyawa yana ba da rahoton nasara. A ajiye `mysqldump` na ƙarshe a wurare biyu, a rufe shi da kalmar sirri, a rubuta lambar fitowar MySQL ɗin da zai iya buɗe shi a jikin fayil ɗin.